Katin Ƙirga Firikwansi: Yadda Na Sa Shi a Kwamfuta, da Abin da Ya Tona a Injin Casar Kawuna

Editan mujallarmu ya daɗe yana bina in rubuta wani abu a kan furojet ɗina, ni kuma ina ta zillewa. Yanzu da na gama gwaji na ce bari in rubuta, ko ba komai 'yan ND I da za su ɗauki irin wannan aiki baɗi su rage wahalar da na sha.

Ni ɗan Bunkure ne. Duk wanda ya san yankinmu ya san ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bin kanal ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa kuwa da ta bar gona sai wurin masu injin casa. Kawuna yana da ƙaramin inji irin wannan, moton lantarki ne ke juya shi, janareton gas ne kuma ke ba moton wuta. A cikin shekara guda moton ya ƙone sau biyu. Sau biyun ana kai shi Kano wurin masu naɗin koyil, inji ya zauna kwana da kwanaki, masu kawo shinkafa su juya buhunansu zuwa Kura. Kawu ya ɗora laifi a kan mai naɗi, mai naɗi ya ce wutarku ce ba kyau. Aka sa mita aka ga bolt 400 cif a tsakanin layuka. Magana ta tsaya nan, kowa da gaskiyarsa.

Abin da ba wanda ya auna shi ne firikwansi, don agogon da ke nuna shi a jikin janareton ya mutu tun ban shiga makarantar nan ba.

Wutar da muke amfani da ita ba miƙe take tafiya ba, gaba take yi ta dawo baya. Yawan zagayen da take yi a daƙiƙa ɗaya shi ne firikwansi, ana auna shi da Hz, sunan da aka ɗauko daga Heinrich Hertz, masanin nan na Jamus. A Najeriya da Nijar da Ingila 50 ne, a Amurka 60. A janareto kuwa gudun inji ne ke yanke shi. Kun tuna lissafin aji: gudu daidai yake da 120 sau firikwansi, a raba da yawan fol. Janareto mai fol huɗu irin na Kawu sai ya yi juyi 1,500 a minti kafin ya ba da 50. Ya rage gudu, firikwansi ya sauka, ko da mita tana nuna bolt ɗin lafiya lau.

Na san wani zai ce ai mitocin hannu da yawa suna auna Hz, me ya kai ka jidar kwamfuta? Gaskiya ne. Amma mita lambar da ke gabanta kawai take nuna maka, ni kuma ina son in ga abin da ke faruwa daga safe har la'asar, musamman 'yan daƙiƙun da ake tayar da moto da lokacin da ake zuba shinkafa a baki. Wannan sai abin da ke rubutawa ya ajiye.

Sa katin

Malamin da ke duba furojet ɗina ya ara min kati samfurin PCI-6601 na kamfanin National Instruments, tare da kebul ɗinsa mai fil 68 da akwatin da ake ɗaure wayoyi. Katin yana da ma'ƙirga huɗu, kowanne mai bit 32, da agogon ciki mai bugu miliyan 20 a daƙiƙa. Aikinsa a nan ɗaya ne tak: ƙirga sau nawa sigina ya tashi daga sifili zuwa bolt 5. Bai san janareto ba, bai san shinkafa ba.

Kafin ka karɓi kati, leƙa cikin kwamfutar. Gurbin PCI tsohon yayi ne, tun 1992 Intel ta fito da shi, yawanci fari ne mai ɗan tsawo. Sababbin madabod da yawa sun daina zuwa da shi, sai PCI Express, kuma katin wannan ba ya shiga gurbin wancan. Laftof kuwa kada ma ka fara. Ni wata tsohuwar kwamfutar tebur na samu mai Windows 7, ita ta yi min aikin.

Sai ka fara sa manhajar direban katin, wato NI-DAQmx, tun katin yana cikin ledarsa. Haka kamfanin ya tsara, don in Windows ta tashi ta ga sabon baƙo ta riga ta san sunansa. Bayan nan ka kashe kwamfuta, ka zare filogi daga bango gaba ɗaya, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ciki ta fita. Kashewa kaɗai ba ta isa ba, madabod tana riƙe da bolt 5 muddin filogi na jiki.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Na yi wannan aiki ne a cikin hunturu, lokacin da in ka cire rigar sanyi kake jin tana ƙara tas-tas, in ka taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka. Wutar nan da ke taruwa a jiki saboda bushewar iska ta isa ta kashe ƙananan sassan kati ba tare da ka ga hayaƙi ko ka ji wari ba. In kana da abin ɗaurawa a wuyan hannu, ɗaura. In babu, taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ka taɓa katin, ka kuma riƙa taɓawa a kai a kai. Riƙe katin ta gefe, kada yatsanka ya sauka a kan haƙoran nan masu ruwan zinariya. Cire marfin ƙarfen da ke bayan gurbin, daidaita tsagar katin da ta gurbin, danna da babban yatsa biyu har ya zauna daram, sannan ka ɗaure sukurunsa. In ya ƙi shiga, fito da shi ka sake dubawa. Ba a yi masa ƙarfi.

Da ka kunna, buɗe manhajar da ake kira MAX, wadda ke zuwa tare da direban. Za ka ga sunan katin a jerin na'urori. Akwai gwajin kai da kai a wurin, danna shi. In ya ce lafiya, rabin aiki ya wuce.

Abin da za ka ba katin ya ci

Bolt 5 katin yake karɓa. Wanda ya jona masa 230 kai tsaye ya yi sallama da kati da madabod, wataƙila har da kansa. Don haka na ɗauki layi ɗaya da nutural daga janareton, na bi da su ta ƙaramar taransifoma mai sauke 230 zuwa 12. Daga nan rizisto mai om 1,000, sai opto PC817, wanda ɗan fitila ne da taransisto a cikin gida ɗaya, haske kaɗai ke haɗa su, babu waya tsakanin ɓangaren janareto da na kwamfuta. A ɗaya ɓangaren na ja ƙafar taransiston zuwa bolt 5 da rizisto mai om 4,700, na wuce da siginar ta cikin 74HC14 don gefenta ya fito a tsaye, ba a kishingiɗe ba. In ka tsallake wannan, ɗan hayaniyar da ke kan wutar janareto sai ta sa katin ya ƙirga tashi ɗaya sau biyu ko uku.

A nan na yi wauta. Don in kare fitilar opto daga wutar da ke dawowa baya, sai na sa mata gadar dayod huɗu a gaba. Na gwada da wutar NEPA a ɗakinmu, allo ya nuna min 100. Kwana biyu ina zargin kati, har na fara tunanin yadda zan fuskanci malamina in ce na lalata masa kaya. Ashe gadar tana juyo rabin zagayen da ke ƙasa ne ta mai da shi sama, fitila na kamawa sau biyu a kowane zagaye. Katin gaskiyarsa ya faɗa, ɗari na ba shi. Na cire gadar, na sa dayod 1N4007 guda ɗaya a juye a kan ƙafafun fitilar, lamba ta dawo kusa da 50.

Hanyar aunawa, inda makin yake

Hanya biyu ce, kuma in an tambaye ku a difens nan za a tsaya. Ta farko: ka buɗe ƙofa na daƙiƙa ɗaya, ka ƙirga tashi nawa ya wuce. Ga siginar rediyo mai miliyoyin zagaye wannan ya yi. Amma a 50, kuskuren ƙirga ɗaya tak, wanda ba makawa sai an yi shi a bakin buɗewa ko rufewa, shi ne Hz ɗaya cur, kashi 2 cikin ɗari. Ba za ka bambance 49.2 da 49.9 ba. In ka tsawaita ƙofar zuwa daƙiƙa 10 kuskuren ya ragu zuwa 0.1, amma faɗuwar da ke ɗaukar daƙiƙa uku ta narke a cikin matsakaici, ba za ka gan ta ba.

Ta biyu ita ce a juya lissafin. Maimakon ka ƙirga zagayen wuta, sai ka ƙirga bugun agogon katin da ya shige tsakanin tashi ɗaya da na gaba. A 50 cif, zagaye ɗaya kashi ɗaya ne cikin hamsin na daƙiƙa, agogo mai miliyan 20 zai buga sau 400,000 a ciki. A 44 zai buga kusan 454,545. Ka raba miliyan 20 da abin da ka samu, firikwansi ya fito, kuma kowane zagaye da nasa awon. Kuskuren bugu ɗaya cikin 400,000 bai kai a yi maganarsa ba. A wannan hanya siginar kan shiga ta fil ɗin da aka rubuta wa GATE, ba SOURCE ba, don SOURCE na agogo ne. Wanda ya samu tsohon kati mai ma'ƙirgi na bit 16 irin su 8254, ya tuna 65,535 ne iyakarsa. Ya ba shi agogo mai miliyan ɗaya, zagaye ya zo 20,000, ya shiga lafiya.

Na haɗa ɗan shiri a LabVIEW yana ɗaukar awo yana zubawa a fayil tare da lokaci, daga baya in buɗe a Excel in zana.

Ranar gwaji

Ranar wata Asabar na ɗora kwamfuta a bayan mashin sai wurin inji. Ban jona ta da janareton da zan auna ba, batir da inbata na aro. Na kuma ajiye ta a ɗakin ajiya na rufe ƙofa, na ja waya ta taga, don ƙurar ɓuntu in ta shiga fanka an gama.

Kawu ya leƙo ya ce, "Injiniya, wannan talabijin ɗin ce za ta gaya mana abin da masu naɗi suka kasa?"

Na ce, "Kawu, a dai tayar mu gani."

Janareto shi kaɗai ba kaya: 47.3. Aka tayar da moto, layin ya nutse zuwa 41, ya ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ya farfaɗo. Aka fara zuba shinkafa, ya zauna tsakanin 44 da 45, haka har azahar. Bolt kuwa yana nan wajen 400, don na'urar daidaita bolt tana ta aikinta ba ruwanta.

Ga abin da wannan ke yi wa moto. Ƙarfin maganaɗisun cikinsa yana bin bolt a raba da firikwansi. 400 a raba da 50 takwas ne. 400 a raba da 44 ya haura tara, ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari. Ƙarfen ciki ya ƙoshi, moto ya riƙa jan karan fiye da ƙima, koyil ya ɗau zafi. Fankar da ke sanyaya shi kuma a kan sandarsa take, ita ma ta rage gudu. Zafi ya ƙaru, iska ta ragu, ga ƙura ta toshe haƙarƙarin jikinsa. Janareto da yawa suna da kariyar da ke sauke bolt in gudu ya faɗi, namu dai a ranar ban ga alamar tana aiki ba.

Da na nuna zanen, yaron da ke kula da injin ya sunkuyar da kai. Ashe tun da gas ya yi tsada aka sassauta sukurun gwamna don inji ya rage sha. Kuma ba da kansa ya yi ba. Kawu ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "To ai ni na ce a rage." Ban ce komai ba, ɗan yau ba ya cin gyaran kawunsa a gaban yaransa.

Muka kira makaniki. Yana juya sukurun a hankali ina karanta masa lamba ta taga, har muka tsaya a 51.8 ba kaya. Da gangan aka ɗara 50, domin gwamna irin na ƙarfe yakan sauka kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari in kaya ya hau. Aka zuba shinkafa, ya zauna tsakanin 49.8 da 50.2. Yaron ya ce har ƙarar injin ta canja, kuma buhu yana fita da wuri.

Ba zan ce muku na tabbatar wannan kaɗai ya ƙona moton ba, haka ma na rubuta a babi na biyar. Ban auna karan ba a ranar, kuma ya kamata in auna. Wanda zai ɗora a kan aikin nan ya tafi da mita mai baki ya haɗa awon biyu. Abin da na sani shi ne yau wata biyu ke nan moton yana aiki, ana iya dafa shi da hannu bayan azahar, abin da da ba ya yiwuwa. Kawu yana nan yana ƙorafin kuɗin gas duk sanda na je gida, amma ya sayi sabon agogon Hz an ɗaura a jikin janareton, ya kuma sa an shafa jan fenti a kan sukurun don a gane in an taɓa.

Katin zan mayar wa malamina bayan difens. Allon opto ɗin kuwa nawa ne, yana nan a lokata. Mai son ganinsa ko kwafar zanen ya same ni a dakin gwaje-gwajen lantarki ranar Talata bayan la'asar, ya zo da filashinsa.