Darasin lafiya da noma: Gawayi da ƙarfe masu kashe gubar ruwa

Ƴan'uwa masu karatu, manoma da mata masu aikin lambu, darasinmu na yau ya shafi ruwan da muke sha.

1. Dattin ruwa iri biyu ne

Akwai ƙwayoyin cuta masu rai, irin masu kawo zawo da kwalara. Waɗannan idan aka tafasa ruwa suna mutuwa.

Akwai kuma guba marar rai. Ita ce ragowar maganin ƙwari da muke fesa wa wake da albasa da kabeji, da ruwan rinin zamani, da baƙin man inji. Ruwan sama yana wanke su zuwa tabki da gulbi. Wani lokaci suna nutsewa cikin ƙasa har su kai rijiya. Tafasawa ba ta kawar da mafi yawansu. Sau da yawa ido ba ya ganin su, hanci ba ya jin su.

Wasu suna daɗewa ƙwarai. Dildirin, maganin da aka yi ta fesa wa fara a ƙasashen Sahel a da, yana yin shekaru cikin ƙasa bai lalace ba. Shi ya sa a shekarar 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu a birnin Sitokolm na ƙasar Suwidin don hana shi da ire-irensa.

2. Gawayi yana kamawa, amma ba ya kashewa

Gawayi cike yake da ƙananan ƙofofi. Masana suna ƙona itace, ko ɓawon gyaɗa, ko karan hatsi, a wurin da iska ba ta shiga sosai. Daga nan su bi shi da tururi mai tsananin zafi, sai ƙofofin su ƙaru. Da za a shimfiɗa bangon ƙofofin giram 10 na gawayi mai kyau irin wannan, zai rufe gona mai hekta 1.

Idan ruwa ya ratsa shi, guba tana manne wa ƙofofin. To amma tana nan daram. Kamar rumbu ne, ranar da ya cika ba ya ɗaukar ko dami guda. Gawayin da ya cika da guba shi ma ya zama abin gudu.

3. Aikin ƙarfe

Kun san ruwan wanke miki na gidan likita, wanda yake kumfa idan aka zuba shi, ana ce masa ruwan oksijene. A shekarar 1894 wani masani ɗan Ingila mai suna Fenton ya gano ƙarfin da yake samu idan ya haɗu da ƙarfe narkakke. Daga haɗuwarsu ake samun wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu kaifin aiki. Ba su kai ƙiftawar ido a raye, amma mafi yawan gubar da suka taɓa sai su farfasa ta. Idan aikin ya kai ƙarshe, abin da ya rage shi ne ruwa, da iska irin wadda muke fitarwa wajen numfashi, da ɗan gishiri.

Matsayin ƙarfe a nan kamar na dillali ne a kasuwa. Yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa da sauri, shi kuwa ba a sayar da shi ba. Gobe ma zai sake haɗa wani cinikin.

Wannan dabara tana da wahala biyu. Tana son ruwa mai tsami sosai, kuma tana barin laka mai tsatsa da yawa.

4. An haɗa su biyu

Don haka masana suka dasa garin ƙarfe mai laushi cikin ƙofofin gawayi. Gawayi ya jawo guba ya riƙe ta, ƙarfe da ruwan oksijene su farfasa ta nan take, ƙofofi su sake buɗewa. Laka ta ragu. Wani irin garin ƙarfen maganaɗisu yana jan sa, sai a tsamo gawayin daga ruwa a sake aiki da shi.

Amma a sani, ƙarfen yana zuba kaɗan-kaɗan, ƙarfin gawayin yana raguwa bayan an yi ta amfani da shi. Idan kuma aikin ya tsaya rabi, ragowar tana iya cutarwa. Dole sai da awo da kayan gwaji. Har yanzu yawancin wannan aiki yana ɗakunan bincike.

5. Abin da ya rataya a wuyanmu

Kada kowa ya zuba gawayin murhu da ƙusa da ruwan miki cikin randa, ya ce ya gyara ruwa. Ba a shan ruwan oksijene. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, ga kuwa rigakafin:

- Kada a zuba ruwan sha, ko nono, ko man gyaɗa cikin bidon maganin ƙwari, ko da an wanke shi.
- Bidon da ya ƙare a ɗauraye shi sau 3, a juye ɗaurayen cikin famfon feshi, sannan a huda bidon.
- Kada a wanke famfon feshi a bakin rijiya ko tabki.
- Kada a wuce awon da malamin gona ya faɗa.
- Wanda ya sha irin wannan ruwa ya ji jiri, ko amai, ko zubar miyau, a kai shi gidan likita nan da nan, tare da bidon.

Sanya guba cikin rijiya aikin yini ɗaya ne. Fitar da ita kuwa yana cin kuɗi da ilimi da shekaru.

Tambayoyi

1. Wane irin datti ne tafasawa ba ta kawarwa?
2. Don me aka kwatanta gawayi da rumbu?
3. Don me aka kwatanta ƙarfe da dillali?
4. Yaya ake yi da bidon magani idan ya ƙare?