Me malami zai yi wa ɗalibansa bayan ƙarar bindiga?

Wani malamin lakwal daga Dungas, a jihar Damagaram, ya aiko da tambaya: yaya malami zai kwantar wa yara hankali idan labarin harin makaranta ya iso ƙauye?

Tambayar tana da tushe. Magaria da Dungas suna bakin iyakar Najeriya, kuma abin da ya faru a jihar Katsina ba ya kwana bai tsallako ba. A daren 11 ga Disamban 2020, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji. Sai ranar 17 ga watan aka sako su. A Tillaberi kuwa, rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu.

Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo a 2015. Ita da Norway ne kuma suka gabatar da ƙuduri mai lamba 2601 kan wannan batu, wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da shi a Oktoban 2021.

Amma yaron da ke zabura da jin ƙarar babur, malaminsa yake kallo. Malamin da ya kira suna da safe, ya ga benci babu mai shi, ya kamata ya taka har gidan da yamma. Ya bar yara su faɗi tsoronsu ba tare da tsawa ba, sannan ya zauna da iyaye da mai gari su tsayar da inda yara za su taru da wanda za a fara kira a waya.