Labarin Albasar Daji ta Ƙasashen Sanyi, da Gargaɗi ga Manoma

Ya ku manoma da dagatai, ku sani albasa tana da dangi da yawa. Tafarnuwa 'yar'uwarta ce. Akwai kuma wata ƙarama, wadda Turawan Ingila su ke kira caibis. Wani masanin tsire-tsire na ƙasar Suwidin, Linniyas, shi ya rubuta ta cikin dangin albasa a shekarar 1753.

Ga siffarta. Tsawonta ƙafa 1, ko da rabi. Ganyenta siriri ne, mai rami a ciki kamar lawashi. Ba ta yin babban kai, sai 'yan ƙanana, kowane kamar inci 1, su kan taru cunkus wuri guda. Furenta ja-ja ne mai sirkin shuɗi, kunnuwa 6 gare shi, ya kan fito dunƙule a kan kara. Irinta baƙi ne. Ganyen a ke ci.

Ga mazauninta. Ta kan tsiro don kanta a Turai, da arewacin Asiya, da Amurka ta Arewa, a bakin rafi da tsagin duwatsu masu laima. In sanyi ya tsananta ganyen ya bushe, kawunan su kwanta cikin ƙasa, su sake tohowa shekara shekara. Ba ta tsirowa a dajinmu, gama zafi ya yi mata yawa.

To, ga abin lura. A dajinmu akwai masu sunan albasa waɗanda ba na ci ba ne, watau albasar kura da albasar kwaɗi. Dafi gare su. Na albasar kura ya kan kama zuciya, yana iya kashe tunkiya ko saniya. Sun fi haɗari a farkon damina, sa'ad da su kan riga ciyawa fitowa, dabbobi kuwa suna jin yunwa.

Ga yadda za ku rarrabe. Ku murje ganyen, ku sansana. Kowane ɗan dangin albasa na gaskiya yana da warin albasa. In ba wari, ganyen kuma mai faɗi ne ba rami, kada a ci. Ku wanke hannu bayan kun taɓa.

Dagatai su sanad da masu unguwa da makiyaya. A nuna wa yara masu kiwo. In an gan ta a makiyaya, a tone ta har kai, a shanya inda dabba ba ta kaiwa, a ƙone.