Fasali a kan Hajjin Ƙafa da Abin da Ake Nufi da Shi

 

Ka sani ya kai muridi, Allah Ya yi mana dace da kai, cewa magabatanmu na ƙasar Hausa da ƙafa suka riƙa zuwa Ɗakin Allah. Mutum ya raba gado tun yana da rai, ya biya bashi, ya nemi gafarar maƙwabta, ya ɗauki buzu da buta da carbi, ya bi ayari ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ya ƙetare kogin Nilu har Sawakin, sannan jirgin ruwa ya kai shi Jidda. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi noma ko ɗinki ko karantar da yara. Bayan 1925 da yawa sun yi ƙodagon auduga a Jazira. Wani ya yi shekaru kafin ya ga Ka'aba. Wani kabarinsa yana hanya, wani kuma ya zauna can har jikoki.

A Suratul Hajji, aya ta 27, Allah Ya ambaci masu zuwa da ƙafa kafin masu zuwa a kan raƙuma. Kuma a mazhabar Imamu Malik, wanda ke iya tafiya, yana da sana'ar da za ta ciyar da shi, hanya kuma da aminci, to ya samu iko ko ba shi da abin hawa. Amma kada ka zaci wahala ce abin nufi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a kan taguwarsa ya yi hajjin ban kwana a shekara ta 10 bayan hijira. Da ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu domin ya yi bakancen tafiya ƙasa, sai ya umurce shi da ya hau. Shi ya sa malamanmu suka fifita hawa.

To mene ne asirin tafiyar? Shi ne tuɓewa. A garinka kana da suna, ana durƙusa maka, rumbunka a cike. Zango na fari ka rabu da gida. Bayan wata guda babu wanda ya san ubanka. Bayan shekara harshenka ma ba a ji, ɗan sarki da bawa suna jiran ruwa a bakin rijiya ɗaya. Kowane zango yana cire maka abu guda da zuciyarka ta jingina da shi, har tawakkali ya zama abin da kake ci kake sha, ba kalmar da ka haddace a zaure ba. Wanda ya isa miƙati a wannan hali, harami bai tuɓe masa komai ba face riga, domin sauran hanya ta riga ta karɓe.

Sai dai nafsu makira ce. Takan bar maka dukiya ta kama ka ta faso. Wanda ya dawo yana ƙirga wa mutane zangunansa, yana raina wanda ya hau, ujubu ya cinye masa abin da ƙafa ta tara. Na fi ji wa wannan tsoro bisa ga ɗan fashi.

Yau jirgin sama ke kai alhazai cikin sa'o'i kaɗan, kuma yaƙi ya tashi a Sudan a 2023, saboda haka kada wani ya jefa kansa ga halaka da sunan koyi da magabata. Abin da ya rage a kanka shi ne aikin da hanya take yi musu. Tun kafin tashi ka mayar da haƙƙin mutane, ka rage ci da magana, ka lazimci wuridinka, ka riƙa takawa zuwa masallaci kai kaɗai ba da rakiya ba. Idan ka isa, ga ɗawafi da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, ka yi su da ƙafarka in kana da lafiya, kada ka ture kowa.

Allah ne Masani.