Yadda Ake Binciken Karɓuwar Sabuwar Ƙa'ida a Asibiti

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa ta ɗakin tiyata, mai abubuwa 19 da ake dubawa sau uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin a sa masa wuƙa, da kafin a fito da shi. A gwajin farko a asibitoci takwas, mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Amma da lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta ta, binciken 2014 a asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Gano abin da ke jawo irin wannan bambanci shi ne aikin ilimin aiwatarwa.

Matakin farko shi ne a warware ƙa'idar dalla-dalla: wa zai yi me, yaushe, a gaban wa. Idan wannan bai fito fili ba, babu abin da za a auna.

Daga nan sai a zaɓi tsarin nazari, kuma tambaya ce ke zaɓensa. Mai son sanin iyakar inda ƙa'idar ta kai da ko za ta ɗore, RE-AIM ne nasa, wanda Russell Glasgow da abokan aikinsa suka fitar a 1999. Mai neman dalili kuwa sai ya ɗauki CFIR na Laura Damschroder da abokan aikinta, na 2009. Shi ya kasa lamarin gida biyar: ita kanta ƙa'idar, yanayin wajen asibiti kamar umarnin ma'aikatar lafiya, yanayin cikinsa, ma'aikatan, da yadda aka shigo da ita. Ma'aunansa na asali 39 ne. Sabon shiga yakan so ya kwashe su duka, ya ƙare da tulin bayanai ba fashin baƙi. Kaɗan da suka dace da tambayar sun isa.

Bayan izinin kwamitin ɗa'ar bincike, a zaɓi asibitoci iri biyu, inda abin ya kankama da inda ya cije.

Sai a shiga ɗakin tiyata da kai, domin fayil ba ya tona kansa. Ana iya samun takarda an cike ta tsaf, alhali nas ce ta zauna ta bi ta da biro bayan an gama ɗinki. Mai bincike ya tsaya gefe ya lura: an dakata kafin yanka? An faɗi sunan majinyaci da ɓangaren da za a yi wa aiki da babbar murya? An ƙirga auduga da allurai kafin a rufe ciki? Ya kuma riƙa zuwa har idonsa ya zama na gida, don ranar farko kowa yakan gyara zama.

Hira kuwa a yi ta da kowa shi kaɗai. Ƙaramar nas ba za ta ce babban likita ne ke hana a tsaya ba in yana zaune kusa da ita.

A ƙarshe a jera kowace magana ƙarƙashin gidanta cikin biyar ɗin, a kwatanta asibitocin, a ga inda suka raba hanya. Bayan shekara guda a koma a sake dubawa, musamman idan wanda ya tsaya wa ƙa'idar tun farko an yi masa canjin wurin aiki.