Makarantar Gari ta Kowane Yaro Ce

Kowace safiya muna ganin yara sun rataya jakunkuna sun nufi makaranta. Amma in mun lura, akwai waɗanda a kan bari a gida. Ga makaho zaune a zaure. Ga kurma tana wanke-wanke. Ga wanda shan inna ta shanye wa ƙafa, yana ƙofar gida, yana kallon 'yan'uwansa suna wucewa. In an tambayi uban sai ya ce, "Ai wannan ba na karatu ba ne." Wani ma kwano ya kan miƙa masa, ya tura shi bara.

Mu da muke ajin yaƙi da jahilci mun san ɗacin wannan magana. Mun girma ba mu iya karanta wasiƙarmu ba, sai mun kai wa wani ya ji asirinmu. Yanzu da furfura muke koyon baƙi da wasali. To, yaya za a yi wa wani yaro haka muna gani?

Hukuma dai ta yi nata. A 2004 Nijeriya ta yi dokar da ta ce kowane yaro ya yi karatun shekara 9 kyauta, kuma tilas: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. A Janairun 2019 kuma aka sa hannu a wata doka wadda ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, ta ba su hakkin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Amma doka a takarda take. Ba za ta shiga zaure ta kamo hannun yaro ba, sai mu.

Wani zai ce, "Makaho ya yi karatu da wane ido?" To, ku ji. A 1809 aka haifi wani yaro a Faransa, sunansa Luwi Birel. Ubansa baduku ne. Yana ɗan shekara 3 ya soke idonsa da kayan aikin uban, ciwon ya kama ɗayan, ya makance. Da ya kai shekara 15 ya shirya wani irin rubutu na ɗigo 6 masu tudu, wanda a ke shafawa da yatsa. Da shi makafin duniya ke karatu har yau. A nan ƙasarmu an buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Filato, tun 1953. A Kano kuma akwai ta Tudun Maliki, ta kurame da makafi. Mun kuma san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, sahabi makaho, wanda ya yi ladanci, har a kan bar masa riƙon Madina in an fita.

Sai dai irin waɗannan makarantu kaɗan ne, kuma suna da nisa. Yawancin yaran nan kuwa ba sa bukatar tafiya. Da yawa suna gani kaɗan, ko suna ji kaɗan. Abin da zai ishe su ba wani abin kuɗi ba ne. Mai raunin ido, kamar zabiya, a zaunar da shi kusa da allo, a kuma bar shi da malafarsa saboda rana. Mai raunin ji ya zauna gaba, malam ya riƙa fuskantarsa in yana magana, don ya dubi bakinsa. Gurgu kuwa, in matakala ta hana shi shiga aji, samari su yi gayya su zuba ƙasa su yi gangara. Aikin hantsi ɗaya ne.

Abin da ya fi wuya shi ne yaran da zai tarar a ciki. Yaro ya kan jure tafiyar mil biyu a kan sanda, amma ba ya jure dariya. A ce ga kurma ya zo aji ran farko. Yara suka kewaye shi, wani ya kwaikwayi maganarsa, aka bushe da dariya. Shi kuwa ya ɗauki dutse. In malam ya zo ya zane mai dutse kaɗai, gobe ba za a sake ganinsa ba. In ya zane su duka, sun koyi tsoron bulala ne kawai, za su jira shi a hanyar gida.

Malamin kirki ya kan bari zukata su huce tukuna. Sa'an nan ya zaunar da su, ya tambayi kowa abin da ya ji a ransa: haushi ne, ko kunya, ko tsoro? Ya tambayi mai tsokana, "Da kai aka yi wa, yaya za ka ji?" Ya jira amsa, ko da za ta daɗe. Yaron da ya iya cewa "na ji haushi" ba ya saurin kai hannu. Wannan ma karatu ne, kamar lissafi, kuma da maimaici a ke iya shi. Kada mu ce malam yana ɓata lokaci. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Haka kuma a riƙa kiran yaro da sunan yankansa. "Kurma" da "Gurgu" ba suna ba ne. A raba taimako bi da bi: wannan mako wane ke jan makaho zuwa gida, mako mai zuwa wane. Shi ma a ba shi aiki, ko kaɗa ƙararrawa ko ajiye alli, kada ya zama abin tausayi kurum. Yara kuwa ba su da wuyar koyon maganar hannu, sun fi mu sauri nesa. Mai lafiya ma yana ƙaruwa, gama ya koyi jira da sauraro, abin da zai yi masa rana a kasuwa da gidan aure.

Akwai wata cuta da ya kamata mu tsaya a kanta, watau farfaɗiya. Mutane da yawa suna tsammani a kan ɗauke ta daga yawun mai ita, don haka in yaro ya faɗi sai kowa ya watse. Wannan ba gaskiya ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa, kuma akwai maganinsa a asibiti. In ta tashi, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. In ta lafa a kwantar da shi ta gefe, a zauna da shi har ya farfaɗo. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, a kai shi asibiti maza. Da ya tashi kunya ce za ta fi damunsa, saboda haka kada a taru a kansa.

Mu sani fa, yaro ba ya ƙirƙiro gori da kansa. A gida ya ji. In mun ce wa ɗanmu, "Kada ka ci tuwo da wane," gobe abin da zai kai aji ke nan, malam kuwa ya yi ta fama a banza.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya zaga unguwarsu ya ƙidaya yaran da nakasa ta hana zuwa makaranta. Ya rubuta yawansu da shekarunsu da hannunsa, ya kawo. Za mu haɗa lissafin a allo, mu zaɓi mutum biyu su kai wa dagaci da hedimasta.