Shirin da Ya Kamata Kafin a Je Rina Gashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi 'yan'uwanmu mata masu zuwa shagon gyaran gashi don a yi musu rini, da kuma magidanta masu ba da kuɗin zuwa.

Da farko dai a sani rina gashi ba laifi ba ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ranar da aka ci Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat. Manzon Allah ya yi umurni a sauya wannan furfura, amma a nisanci baƙi. Shi kansa Sayyidina Abubakar yakan yi rini da lalle da wani tsiro da Larabawa ke kira katam, Sayyidina Umar kuwa da lalle zalla. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya bayyana cewa baƙin rini makaruhi ne a mazhabar Imamu Malik, bai kai haram ba, amma Imamu Nawawi na Shafi'iyya ya rinjayar da haramci. Saboda haka shirin farko shi ne zaɓen launi tun daga gida. Matar da ke takaba kuwa ta dakata sai ta fita, domin rini ado ne.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne tsarki. Masu gyaran gashi sukan ce kada a wanke kai kwana 1 ko 2 kafin rini, domin maiƙon fatar kai ya rage zafin maganin, kuma a jinkirta wanki da sabulu kwana 2 ko 3 bayansa don launi ya zauna. Shawara ce mai kyau, amma ba ta da ikon ɗage wankan wajibi. Wadda janaba ke kanta, ko ta ga tsarki daga haila, sai ta yi wankanta kafin ta fita. In kuma wanka ya wajaba bayan rini, ta yi shi a kan lokaci, ta tsettsefe gashi ruwa ya kai ga fata. Shari'a ba ta nemi sabulu ba, ruwa tsarkakakke ta nema. Launi in ya kode a sake shi, amma sallar da aka bari da gangan babban lamari ne.

Wata za ta ce, to shin rinin kansa ba ya hana ruwa shiga? Ƙa'idar malamai ita ce: abin da ya bar launi kawai, kamar lalle bayan an wanke shi, ba shamaki ba ne. Abin da ya bar jiki mai kauri, kamar kaki ko danƙo, shi ne ke jawo lam'a. Don haka a tambayi mai shago irin abin da za ta shafa, a kuma tabbata an ɗauraye kai sarai.

Na uku, lokaci. Aikin rini yakan ci awa 2 ko 3, ga shi a mazhabarmu shafar kai duka farilla ce a alwala. Wadda ta zauna da kwaɓin rini a ka har rana ta faɗi, ina La'asar? Mafi dacewa a tafi da hantsi, tunda babu sallar farilla tsakanin fitowar rana da Azahar.

Na huɗu, lafiya, domin jiki amana ne. Yawancin rinin kanti, da abin da ake kira baƙin lalle, suna ɗauke da wani sinadari mai suna PPD, wanda kan sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fuska. Masu yin rinin da kansu sun ce a ɗan shafa kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, a jira awa 48 a ga hali. A tsefe kitso tun da wuri, a bar susar kai, kuma in akwai ƙuraje ko rauni a fasa. Wadda ta sa man miƙar da gashi ta jira kamar mako 2. Wadda ta taɓa sa lalle ta faɗa, domin wani lallen ana gauraya shi da abin da ba ya shiri da rinin zamani, gashi ya kakkarye.

Daga ƙarshe a zaɓi shagon da mata kaɗai ke aiki, mai labule, kuma kada a yarda a haɗa da ƙarin gashi, domin hani a kansa ya inganta.

Allah Ya ba mu ikon aiki da abin da muka karanta, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.